Hutuna A Ƙasar Haɗeja: Ni Da 'Ya'yan Shamuwar Iya

Ranar da Umma ta ce mu haɗa kaya, ni da Auta za mu tafi ƙauye wurin Iya mu yi mata hutun damina, wallahi kuka ne kawai ban yi ba. Ƙawayena wannan za ta Kaduna, waccan za ta Abuja, ni kuwa wai ƙauyen da babu wuta, babu ruwan famfo, waya ma sai an hau tudu take kamawa. Na yi ƙunƙuni, na yi ciwon kan ƙarya, Umma ko kallona ba ta yi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Tsohuwar nan ba dawwama za ta yi ba, ku je ku gan ta tun tana gane ku." Daga nan bakina ya mutu.

Da sassafe muka hau mota a tashar 'Yankaba ta Kano, muka bi ta Ringim da Gujungu. Ƙarshen watan Yuli ne, ruwa ya zauna, ko'ina ka duba kore shar. Tun muna ganin gero da gyaɗa a gefen titi har muka fara ganin fadamun shinkafa, ruwa kwance yana ƙyalli kamar an shimfiɗa madubi. Wajen awa uku muka yi kafin mu sauka a Haɗeja, inda ƙamshin ƙyafaffen kifi ya fara yi mana maraba tun kafin mu ga mai sayar da shi. Daga nan muka sake wata motar mai bin hanyar Kirikasamma, aka sauke mu a bakin titi, sannan ɗan Kawu ya zo da babur ya kwashe mu ɗaya bayan ɗaya cikin taɓo.

Gidan Iya a ƙarshen gari yake. Ɗakuna uku ne na ƙasa, da rumbu biyu, da rumfar kara a tsakar gida, sai 'yar garka a bayan ɗakinta inda take shuka kuɓewa da yakuwa da zogale. Katangar garkar ta faɗi tun ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna a jihar Jigawa, har yau da zana aka kewaye wurin. A can kusurwar garkar kuwa akwai wani ƙaton gawo, wanda Iya ta ce ranar da aka kawo ta gidan tana amarya ta same shi a tsaye.

Muna shiga ta tashi tana tafa hannu, "Lale lale da kishiyoyina! Ku ce yunwar birni ce ta koro ku, kun zo cinye mini tuwo." Na ce, "Haba Iya, wane tuwo gare ki? Mu da muka zo taimakonki don mun ji an ce tsufa ya hana ki ko ɗaga muciya." Ta kai mini dundu tana dariya. Muna cikin gaisawa sai wata inuwa ta gifta ta kanmu, fuuu, har Auta ta ƙwalla ƙara ta ruƙunƙume ni. Iya ta ce, "Ke tafi can, matsoraciya. Baƙina ne, sun riga ku zuwa da wata uku. Shamuwa ce."

Na ɗaga kai, sai ga sheƙa har huɗu a kan gawon, manya-manya, an jibga ƙirare kamar mai shirin hura wuta. Ku kun san halin gawo, shi da sauran itatuwa hannun riga ne: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Don haka babu abin da ya kare sheƙunan, daga tabarmar Iya kana ganin komai tar. Ni dai a waƙar yara na san shamuwa, ban taɓa tsayawa na ƙare mata kallo ba sai ranar. Baƙa ce mai sheƙi, cikinta fari fat, ƙafafu dogaye masu ja a gwiwa da yatsu, fuskarta kuma shuɗiya da ɗan ja a gaban ido kamar ta yi kwalliya. A cikin kowace sheƙa akwai 'ya'ya biyu ko uku, sun yi gashi amma ba su fara tashi ba, suna ta miƙo wuya.

Washegari bayan sallar asuba na koma zan kwanta, Iya ta ja mini ƙafa. "Tashi ki ga yadda ake karɓar baƙi." Ta ɗauko ƙwarya da tsakin gero da ta tara daga tankaɗen jiya, ta watsa a ƙasa a fili, nesa da gindin zana inda kyanwa ke laɓewa. Sannan ta ɗauko wani tsohon kasko da ke ɗore a kan kututture, ta zubar da ruwan jiya, ta cuɗe shi da tsumma, ta zuba sabo ɗan kaɗan, ta jefa dutse a tsakiya. Na ce, "Dutsen na mene ne?" Ta ce, "Na ƙanana ne, su samu wurin tsayawa kada su nutse. Ruwan kuma kullum ake sakewa, in ya kwana biyu sauro ya samu gidan haihuwa." Daga nan ta ja mu can ƙarƙashin rumfa, ta ce kowa ta zauna ta kama bakinta.

Ba a yi minti biyar ba suka fara sauka. Kurciyoyi ne suka fara zuwa suna tafiyarsu ta yanga, sai gwara da surutunsu, sai 'yan mitsi-mitsin jajayen nan da ake ce wa baiwar Allah, waɗanda ba sa tsoron mutum, har cikin ɗaki suke shiga. Iya ta nuna mana yadda ake gane yaro a cikinsu. Ɗan tsuntsun da bai daɗe da barin sheƙa ba jelarsa gajera ce, launinsa bai fito sosai ba, kuma ga abinci a gabansa amma ba zai tsinta ba, sai ya bi uwar yana karkaɗa fukafukai yana buɗe baki, ita kuwa ta tsinta ta ɗura masa. Auta ta yi dariya ta ce, "Yaya, kamar ke in Umma ta dawo daga kasuwa." Na harare ta, amma ni ma sai da na dara.

Su shamuwa ba ruwansu da tsakinmu. Tun da duku-duku iyayen ke fita gonaki da fadama, su dawo su tsaya a bakin sheƙa su amayo abin da suka samo, fāra da tsutsa da 'yan kwaɗi, yaran su yi ta wawaso. Uba da uwa duk suna yi, kuma ba za ki iya bambance su ba. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne da rana ta take, tunda gawon ba ganye, sai ɗaya daga cikin iyayen ta juya wa rana baya, ta ɗan saki fukafukai, yaran su taru a cikin inuwarta. Ita tana haki, su suna barci. Ina nan zaune har na manta wayata tana cikin jaka, kwana uku ban neme ta ba.

To, a kwana na biyar ne muka yi aika-aika. Iya ta tafi gaisuwar rasuwa unguwar gaba, sai ga Auta da gudu, hannayenta a dunƙule. "Yaya, Yaya, zo ki gani, maraya na tsinta!" Ɗan kurciya ne, gashinsa ya fito kusan duka, ta same shi a ƙasa gindin zogale. Na duba ba jini, ba karaya, idonsa tar. Ina jin wata kurciya a kan zana tana ta kai da komowa, amma ban kawo komai a raina ba. Tausayi ya rufe mana ido. Muka sa shi a kwalin sabulu, muka shimfiɗa masa tsumma, muka kai shi ɗaki. Ya ƙi cin gero, sai muka buɗe bakinsa da ƙarfi muka ɗura masa koko da cokali, muka bi shi da ruwa. Muna ta murna wai mun ceci rai.

Da Iya ta dawo bayan magariba muka ɓoye mata, don Auta ta ce kyautar ba-zata za ta yi mata da safe. Da safen kuwa muka buɗe kwali, ɗan tsuntsu ya sandare, ƙafafu a miƙe. Auta ta fasa kuka har maƙwabta suka leƙo. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don ni ce babba, ni na riƙe cokalin.

Iya ba ta yi mana faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna ta jawo Auta jikinta, ta ce, "Wa ya gaya muku maraya ne? Ɗan kurciya in ya yi kamar sati biyu yakan bar sheƙa tun bai iya tashi sosai ba, ya zauna a ƙasa ko a ƙaramin reshe, iyayen suna kawo masa abinci har ya ƙware. Waccan da kuka gani a kan zana uwarsa ce, jira take ku matsa." Ta ce kurciya ba kamar kaza ba ce da ɗanta ke tsintar abinci daga ƙyanƙyasa. Ɗan kurciya bakinsa yake cusawa cikin bakin uwa ko uba ya sha abin da suka tanadar masa a maƙoshi, wanda a kwanakin farko kamar kindirmo yake. Ruwan da muka ɗura masa kuwa ta hanyar numfashinsa ya bi.

Duk yinin ranar kurciyar nan tana sauka gindin zogale tana dube-dube tana kuka. Iya ta tuna mana wani labari da ya zo a hadisi, cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu, da Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya gani sai ya nuna rashin jin daɗinsa, ya ba da umarni a mayar mata da 'ya'yanta. Ta ce, "Ku kun so shi, ban musa ba. Amma son da ba a tambayi yadda ake yinsa ba, shi ne yake kisa." Maganar nan har yau tana yi mini yawo a ka.

Ana cikin haka kuma sai ga wata sabuwa. Da yamma Kawu ya shigo, shi ne ɗan farin Iya, don haka ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wannan yaron" ko da yake furfura ta cika masa gemu. Bayan an gaisa ya gyara zama ya ce wani mai sayen itace ya taya gawon, kuɗin zai isa a sayi bulo a tayar da katangar garka. Ya ce ga kashin tsuntsayen ya yi fari fat a ƙasa, ga ƙarni, ga wani reshe da ya yi kan ɗakin Iya, in iska ta karya shi wa zai ɗauki asarar? Ni dai a raina na san gaskiya ya faɗa, don zanar nan ko akuya ba ta tarewa.

Iya ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce da ni, "Ke kishiya, gaya wa wannan yaron, in ya ga an rushe ɗaki da mai jego a ciki, to ya kawo gatari." Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ba yau nake nufi ba." Ta ce, "To ka bari su tashi, sannan mu yi magana." Ya fita ba tare da ya ce eh ko a'a ba. Daga ranar duk sanda na kalli sheƙunan sai in ji gabana ya faɗi.

Don ya ɗebe wa Auta kewa, ɗan Kawu ya ce zai kai mu dausayin Baturiya, wanda ba shi da nisa da garin. 'Yan uwa, gani ya kori ji. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinki, da tsibirai na ƙirya da giginya da goruba, masunta a kwale-kwale, balbela fari fat a bayan shanu, zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya kamar gunki, ga kirinjijiya garke-garke suna tashi suna fito. A can muka haɗu da wani dattijo ma'aikacin gandun daji, mai riƙe da madubin hangen nesa, ya ba mu aro muka kalli dinya har muna ganin ƙwayar idonta.

Shi ya yi mana bayanin wurin. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are ne suke bazuwa a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, kafin ruwan ya tattaru ya nufi Tafkin Chadi ta kogin Yobe. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, a 2008 kuma aka ƙara da Baturiya da Dagona ta jihar Yobe. Ya ce da mun zo da sanyi, da mun ga agwagin ruwa da wasu tsuntsayen da suke ƙetaro hamadar Sahara tun daga Turai don gudun ƙanƙara. Amma ya ce wurin ya canza. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa ya sauya, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. A cikinta kuma jan-baki ke kwana, tsuntsun nan da kan sauka dubbai ya share gonar shinkafa ko gero. Don haka manomin nan ba kowane tsuntsu yake ƙauna ba, kuma ba za ki ga laifinsa ba.

Na tambaye shi shamuwa fa? Ya yi murmushi ya ce ita kam ƙawar manomi ce, fāra da tsutsa take ci, shi ya sa ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta. Ita ce ƙarama a danginta, nauyinta kilo ɗaya da 'yan kai ne. Tana yin ƙwai biyu zuwa uku, ta kwanta a kai wajen wata guda, yaran kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Turawa sun rubuta ta a littattafan ilimi tun 1823, suka raɗa mata sunan wani gwamnan Turkawa na ƙasar Sudan, wato Abdim. In damina ta ƙare a nan sai ta nufi kudancin Afirka, su Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda a lokacin ne tasu daminar ke kamawa, sannan ta juyo mana wajen watan Afrilu ko Mayu. Ruwa take bi, shi ya sa da an gan ta manoma ke fara gyaran gona. Na yi shiru ina tunani, ashe 'yan yaran nan na kan gawon Iya, da ko reshe ba su iya tsallakewa ba, nan da wata uku za su ga ƙasashen da ni ko a mafarki ban je ba.

Ya kuma ba mu wani labari mai ban mamaki game da baiwar Allah. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya yin sheƙa, sai macensa ta faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah. In ya ƙyanƙyashe, zanen cikin bakinsa iri ɗaya ne da na 'ya'yan gidan, don haka uwar ta haɗa su ta rene su tare. Auta ta ce, "Ashe su ma suna da ɗan riƙo."

Kwana biyu da dawowarmu, cikin dare aka yi hadari mai iska. Muna ɗaki muna jin rassan gawo suna ƙara, Iya tana ta salati. Da asuba ruwa bai gama ɗaukewa ba sai muka ji sallamar Kawu, ya shigo jiƙe sharkaf, rungume da wani abu a cikin babbar rigarsa. Ɗan shamuwa ne. Gefen sheƙa ɗaya ya zube, ya faɗo cikin taɓo, yana ta karkarwa, karen maƙwabta har ya fara zagaya shi. Auta ta miƙa hannu, sai kuma ta janye ta kalli Iya. Iya ta ce, "Yauwa, yanzu kin yi hankali. Wannan kam yana bukatarmu."

Da farko aka so a mayar da shi, don Iya ta ce maganar da ake yi cewa uwa tana ƙin ɗanta in mutum ya taɓa shi ba gaskiya ba ce. Amma gawo ƙaya gare shi, reshen ya yi nisa, sheƙar kuma ta ragu ba ta ɗaukar uku. Sai Kawu ya goge shi da busasshen tsumma, aka ajiye shi a kwando kusa da murhu har ya daina karkarwa. Babu wanda ya ɗura masa komai. Da rana ta fito Kawu ya ɗora wani tsohon kwando a kan rumfar garka, ya zuba ƙirare da ciyawa, ya sa shi a ciki inda yake hango 'yan uwansa, kare da kyanwa kuma ba su isa ba.

Abincinsa ya zama aikinmu. Iya ta kafa doka uku: abin da uwarsa ke ba shi za a ba shi, a faranti za a ajiye a matsa, kuma ba wasa da shi ba shafa shi. Ta ce in ya saba da hannun mutum, gobe zai sauka gaban yaro mai danƙo yana zaton abinci ya kawo masa. Ni da nake ƙyamar fāra sai ga ni da sassafe cikin raɓa ni da Auta muna kamun ta a gonar gyaɗa muna tarawa a gwangwani. Kawu kuwa, wanda ya ce ƙarni ya dame shi, kullum in ya dawo daga bakin ruwa sai ya zo da 'yan ƙananan kifi a leda, ya ajiye ya wuce kamar ba shi ba. Duk wadda ta taɓa farantin sai ta wanke hannu da sabulu, don ma'aikacin nan ya ja mana kunne kan murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a 2006. Ya ce tsuntsun da aka samu a mace ko yana layi, ba a taɓa shi da hannu.

Auta ta so ta raɗa masa suna, Iya ta hana. Ta ce, "Abin da ka sa wa suna, rabuwa da shi wuya." Muka yi kusan sati uku muna wannan hidima. Ya fara tsayawa a bakin kwando yana buga fukafukai, ya yi tsalle ya dawo, ya yi tsalle ya dawo. 'Yan uwansa na sama su ma haka. Wata safiya a ƙarshen watan Agusta, muna zaune ƙarƙashin rumfa Iya na watsa tsaki, sai kawai ya buɗe fukafukai ya tashi, ya yi tangal-tangal kamar zai faɗo, zuciyata ta tsinke, sai ya daidaita ya sauka a kan reshen gawo cikin 'yan uwansa. Ko waiwayenmu bai yi ba. Bayan kwana biyu ma mun kasa gane wane ne shi a cikinsu.

Auta ta ɓata rai ta ce butulu ne. Iya ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ai wannan shi ne ladanki. Da ya dawo yana bin ki, da kin cuce shi. Ni nan 'ya'ya shida na rena, uwarku tana Kano, wani yana Legas, wa na ɗaure wa ƙafa?" Ta faɗa tana dariya, amma na ga ta kau da kai ta goge ido da gefen mayafi. A nan na gane abin da Umma ke nufi, na matsa na kwantar da kaina a kafaɗarta, ta ce in ɗaga ta, kishiya ba ta jingina da kishiya.

'Yan uwa, ba sai kin je Haɗeja ba. Ko a tsakiyar birni kike, in kina da ɗan fili a tsakar gida, ki samu kasko ko murfin roba marar zurfi ki zuba ruwa, ki sa dutse, ki ɗora a inda kyanwa ba za ta yi kwanton ɓauna ba, ki riƙa sakewa kullum. Ki watsa ɗan tsaki ko gero daidai wanda za su cinye, ban da abinci mai gishiri ko mai, ban da hatsin da ya yi fumfuna. Sannan ki koma gefe ki zauna shiru. In kin ga ɗan tsuntsu a ƙasa mai cikakken gashi, yana tsalle, ki bar shi, ki kori kyanwa da yara masu danƙo, uwarsa na kusa. In kuwa tsirara yake ba gashi, ki nemi sheƙar ki mayar da shi. Kada ki ɗura masa ruwa ko koko, ni na gwada, kuma kun ji yadda ta ƙare.

Ranar da za mu dawo, ni da na zo ina ƙunƙuni ni ce na fi kowa kuka. A watan Oktoba ɗan Kawu ya hau tudu ya kira ni, ya ce shamuwa sun tafi, kuma Kawu ya sa an sare reshen da ya yi kan ɗakin Iya, sauran gawon yana nan da sheƙunansa. Katanga dai har yanzu zana ce, mai sayen itacen kuma bai daina zuwa yana tayi ba. Ni da Auta mun buɗe asusun gwangwani, duk abin da ya ragu na kuɗin tara muna jefawa, ko bulo ashirin ne mu saya wa Iya, don in baƙinta sun dawo su tarar da masaukinsu. Ku taya mu da addu'a, Allah Ya ƙara wa Iya lafiya, Ya kai mu wata daminar. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku har kullum.